Maye Ne, Boka Ne, ko Ɗan Dabo?

A ranar 26 ga Yunin 1997 kamfanin ɗab'i na Bloomsbury da ke Landan ya fitar da littafin wata marubuciya da ba wanda ya san da zamanta, J. K. Rowling. Sunan littafin Harry Potter and the Philosopher's Stone, wato dutsen masana falsafa, wanda masu alkimiyya na Turai suka shafe ɗaruruwan shekaru suna nema don su mayar da dalma zinariya. Da littafin ya tsallaka Amurka a 1998, kamfanin Scholastic ya ga cewa yaron Amurka ba zai kai hannu ga littafin da aka rubuta falsafa a bangonsa ba. Sai aka cire philosopher aka sa sorcerer. Faransawa kuwa suka ajiye zancen dutsen gaba ɗaya, suka ce à l'école des sorciers, a makarantar matsafa. Ciniki 'yan kasuwa ke nema, kuma sun samu. Sai dai kalmar sorcerer da aka ɗora a bangon tana nan a Baibul ɗin Turanci, a ƙarshen Wahayin Yahaya, cikin jerin waɗanda aka ce ba su da rabo a birnin Allah.

Abin da ya biyo baya sananne ne. Daga 1999 zuwa 2001 littattafan Harry Potter ne kan gaba a jerin da ƙungiyar ɗakunan karatu ta Amurka ke fitarwa duk shekara na littattafan da iyaye suka fi neman a kwashe daga makarantu. A ƙarshen Disamban 2001 wani fasto mai suna Jack Brock ya hura wuta a harabar cocinsa da ke Alamogordo, jihar New Mexico, aka yi ta jefa littattafan ciki, wasu ɗaruruwan mutanen garin suna tsallaken titi suna zanga-zangar ƙin abin. A ɗaya ɓangaren kuma, mujallar Christianity Today, wadda Billy Graham ya kafa, ta rubuta sharhin yabon littattafan a Janairun 2000. Baibul ɗaya ke hannun ɓangarorin biyu.

Ni dai ban shiga zancen ba sai da wata abokiyar aikina, wadda ke koyarwa a makarantar Lahadi ta cocinsu, ta ajiye mini littafin a kan tebur, bangonsa duk ya naɗe don yawan hannu. Ta ce a zumuntar mata aka taso da maganar, wata uwa ta samu littafin a jakar ɗanta.

"Malam, ni aka ɗora wa in yi bayani ranar Laraba, kuma da Hausa. To shi wannan yaron, me zan ce da shi? Maye ne?"

Na buɗe baki zan amsa, na rufe. Na ce ta ba ni mako guda.

Abin da ya tsayar da ni shi ne Hausa ba ta da buhu ɗaya da take zuba waɗannan abubuwa kamar yadda Turanci ke yi da kalmar magic. Maita daban: ana gadonta ko a sha ta a nono, wasu su ce ana sayen ƙanƙarar, kuma aikin maye kama kurwa. Tsafi yana da wanda ake yi wa, gunki ko iska, da yanka da zubar da jini. Boka yana tsakanin saiwa da iskoki, gobe ka je wurinsa don ciwon ciki, jibi wani ya je don a yi wa kishiya kurciya ta bar gari. Sammu binnewa ake yi. Duba neman sanin gaibu ne, a ƙasa ko a faifai. Sihiri aro ne daga Larabci, kuma ya zo da hukuncinsa na addini a goye. Can gefe kuma ga ɗan dabo a bakin kasuwa, yana zaro ƙwai daga kunnen yaro, kowa na dariya, kowa ya san rufa-ido ne. Duk wanda zai fassara littafin nan zuwa Hausa dole ya yanke hukunci tun a shafin farko, hukuncin da Turawa suka yi shekara ashirin suna kai ruwa rana a kansa.

Kuma yaron bai zauna daidai a ko ɗaya ba. Da baiwar aka haife shi, iyayensa duka biyu suna da ita, wannan kuwa siffar maita ce. Amma ba ya cin kowa. Makaranta yake zuwa yana koyon haɗa saiwoyi a tukunya, kamar yaron boka, amma babu iskar da yake yi wa yanka. Mayafin da yake rufa da shi ya ɓace, duk Bahaushe zai ce layar zana ce. Kalmomin da yake furtawa, irin su lumos don kunna haske, surkulle ne da marubuciyar ta ƙera daga tarkacen Latin ɗin da ta karanta a jami'ar Exeter.

Da na koma ga kalmomin Turancin, sai na tarar su ma ba uwa ɗaya ta haife su ba. Wizard, wanda ake kiran Harry da shi, ya fito ne daga wise, mai hikima, kuma da farko ma'anarsa ba ta wuce masani ba. Sorcerer ya biyo ta Faransanci daga sors na Latin, ƙuri'a, wato asalinsa mai duba ne. Magic ta fi su doguwar tafiya: magush shi ne limamin addinin Farisa ta dā, Girkawa suka ce magos, Larabawa suka ce majus, kuma masana da dama suna ganin daga nan ne muka samu Bamaguje da Maguzawa. Akwai wata da ta fi ba ni mamaki. Spell, kalmar da ake kiran surkullen da ita, a tsohon Turanci labari take nufi, ko magana. Ita ce a cikin gospel, labari mai daɗi, abin da Kiristan Hausa ke kira bishara. Faston Alamogordo da littafin da ya jefa a wuta kalma ɗaya suka gada.

Witch ce mai nauyin cikinsu, domin akwai jini a kanta. Masana tarihi suna ƙiyasta cewa tsakanin mutum 40,000 da 60,000 aka kashe a Turai da sunan maita, akasarinsu mata, daga ƙarni na 15 zuwa na 18. A Salem ta Amurka an rataye 19 a 1692. Ayar da aka fi jingina da ita tana Fitowa 22:18, wadda ta hana a bar irin wannan mace da rai. Amma wace irin mace? Kalmar Ibrananci a wurin mekhashefa ce. Yahudawan Iskandariya da suka fassara Attaura zuwa Girkanci tun kafin haihuwar Almasihu sun sa pharmakous, masu haɗa magunguna. Fassarar Latin ta ce maleficos, masu aikata mugunta. Tun a 1584 wani Bature mai suna Reginald Scot ya rubuta littafi yana cewa mai sa guba ake nufi, kuma tsofaffin matan da ake kashewa ba su da alhakin komai. Sarki James na Scotland ya fusata, ya rubuta nasa littafin, Daemonologie, a 1597, har ya ambaci sunan Scot a gabatarwa. Wannan James ɗin ne ya ba da umarnin fassarar Baibul da ta fito a 1611, wadda har gobe wasu coci-coci a Amurka ba su yarda da wata ba sai ita. Ana yawan cewa shi ya cusa kalmar witch a ayar, amma wannan ƙari ne: fassarar Geneva ta 1560 ta riga shi sa ta.

A nan Bahaushe ya fi Bature saurin gane abin da ke faruwa. Bulus, a wasiƙarsa zuwa ga Galatiyawa 5:20, ya lissafa pharmakeia cikin ayyukan jiki da mai bi zai guje wa. Daga wannan kalma ce aka samu sunan kantin sayar da magani a Turanci da Faransanci. Masu wa'azi a Amurka sukan tsaya su yi dogon bayani kan yadda kalma ɗaya za ta ɗauki abin warkarwa da abin cutarwa. Mu kuwa ba ma bukatar bayanin. "Ya sha magani" da "an yi masa magani" kalma ɗaya ce, kuma ba yaron da zai rikita su. Abin da ke raba su shi ne wa ya yi, wa aka yi wa, da wace niyya, da taimakon wa.

Shi ma Ibrananci, kamar Hausa, rarrabewa yake yi. Maimaitawar Shari'a 18:10-11, ayoyin da masu adawa da Harry Potter suka fi jawowa, ba su ambaci abu ɗaya ba. Bayan hana ƙona 'ya'ya hadaya, sun jera sana'o'i takwas, kowace da sunanta, daga mai duba da mai karanta alamu zuwa mai ɗaure mutum da surkulle da mai tuntuɓar matattu. Zaren da ya ratsa yawancinsu shi ne neman sani ko iko ta wata ƙofa da ba ta Allah ba. Labarin Sarki Saul da matar Endor, wadda ta kirawo masa Sama'ila daga kabari, shi ne misalin da ya fi fitowa fili. Sabon Alkawari kuma ya zo da nasa ƙulli. Baƙin nan na gabas da suka bi tauraro suka kawo wa jariri Yesu zinariya da lubban da mur, Matiyu magoi ya kira su. A Ayyukan Manzanni sura ta 13, mutumin da Bulus ya la'anta har ya makance, Elimas, shi ma magos ne. Masu fassara ba su iya haɗiye wannan ba, sai suka raba: na farko suka zama masu hikima ko masana taurari, na biyu ya zama mai sihiri.

Masu ƙona littafi suna da tasu ayar, Ayyukan Manzanni 19:19, inda sababbin tuba a Afisa suka tara littattafansu na asiri suka cinna musu wuta, aka ƙiyasta kuɗinsu azurfa 50,000. Da ita wasu limaman Katolika suka kafa hujja a birnin Gdansk na ƙasar Poland a ƙarshen Maris 2019, lokacin da suka ƙona tarin kaya har da Harry Potter, kafin jagoransu ya fito ya ba da haƙuri. Amma littattafan Afisa kundayen aiki ne, irin wanda boka ke ɓoyewa a ƙarƙashin buzu, mai su ya gaskata da su kuma yana ci da su. Tambayar ita ce ko littafin hira ya shiga wannan layi. A shekarar 2019 ɗin dai, limamin wata makarantar Katolika a Nashville ya ce ya shiga: ya sa aka kwashe littattafan daga ɗakin karatu, yana cewa surkullen da ke ciki na gaske ne, mai karantawa yana iya kirawo aljanu bai sani ba. A nan kam ban bi shi ba. Mutum zai iya wuni yana cewa lumos, in babu wutar lantarki sai ya nemo tocila. Akwai dai ɗaya a cikin surkullen da take da tsohon tarihi, avada kedavra, wadda Rowling da kanta ta danganta da abracadabra. Ita kuwa abracadabra wani likitan Rum, Serenus Sammonicus, ya rubuta ta wajen ƙarni na 3 a matsayin maganin zazzaɓi: a rubuta ta layi-layi ana rage harafi ɗaya har ta zama dala, a rataya a wuya. Laya ke nan ba ragi.

Abin da ya hana gardamar mutuwa da wuri shi ne C. S. Lewis da J. R. R. Tolkien. Lewis ɗan Anglika ne, littattafansa na kare addini suna kan kantar kusan kowane fasto mai jin Turanci, amma littafin yaransa na 1950, The Lion, the Witch and the Wardrobe, da mayya a bangonsa. Bai tsaya nan ba: dokar da ta sa zaki Aslan ya ba da ransa fansar yaro maci amana, da wadda ta tashe shi daga mutuwa, duka biyun magic ya kira su, ɗaya mai zurfi, ɗaya mafi zurfi. Wato ya ɗauki asirin gicciye ya sa masa sunan da ake ƙona littafi dominsa. Tolkien, Katolika mai zuwa coci kusan kullum, ya fi shi damuwa da kalmar. A wata wasiƙa da ya tsara a 1954 ya nemo kalmomi biyu na dā, magia da goeteia, don ya raba abin da Turanci ya cakuɗa, kuma a cikin The Lord of the Rings ya sa sarauniya Galadriel ta yi mamakin yadda baƙinta ke kiran fasahar mutanenta da yaudarar Maƙiyi da suna ɗaya. Gandalf ɗinsa, duk da sanda da doguwar hula, ba mutum ne da ya koyi asiri ba. A tsarin labarin halitta ce irin ta mala'iku da aka aiko cikin siffar tsoho.

To in an yarda da waɗannan biyun, da wace hujja za a kori Rowling? Kowane ɓangare sai ya ƙirƙiro nasa ma'aunin. Chuck Colson, a shirinsa na rediyo a 1999, ya ce sihirin Harry na inji ne, kamar danna maɓalli, ba ya buɗe ƙofa ga wata duniya. John Granger, wanda ya fara karanta littafin don ya hana 'yarsa ya ƙare yana rubuta Looking for God in Harry Potter, ya raba abin biyu: na furtawa da na kira. A na kira akwai wanda ake kira, shi ne Nassi ya haramta. Da Hausa wannan ba ya bukatar sabuwar kalma, bambancin dabo da tsafi ne.

Masu adawa kuma ba duka ne masu ashana a hannu ba. Richard Abanes, a littafinsa na 2001, da mai sharhin fina-finai Steven Greydanus, wanda ya ƙirga shingaye bakwai da Lewis da Tolkien suka kewaye sihirinsu da su, sun nuna wani abu na gaskiya. A Narnia ta Lewis abin yana wata duniya can, kuma ɗan Adam ɗin da ya nemi koyonsa, kamar kawu Andrew a The Magician's Nephew, wawa ne mugu. A wurin Rowling kuwa jirgin ƙasa ake shiga a tashar King's Cross ta Landan, yara sa'o'in mai karatu ne ke koyo, akwai darasin duba a jadawali, har da sunan mutumin da ya taɓa rayuwa, Nicolas Flamel, wanda ya mutu a Paris a 1418. Sannan kalmar witch ta daina zama ta tatsuniya kaɗai. Bayan Birtaniya ta soke dokar maita a 1951, Gerald Gardner ya fito da addinin da ake kira Wicca, sunan da aka tono daga tsohuwar siffar kalmar, kuma yau yana da mabiya a Amurka da kotu ta amince da su. Wata uwa a jihar Georgia ta yi shekara biyu tana shari'a a kan cewa ajiye littattafan a makarantar gwamnati tallata wannan addini ne, ta sha kaye a 2007. Rowling, wadda ke zuwa coci, ta ce a 2014 Wicca ne kaɗai addinin da ba ta taɓa hango shi a Hogwarts, makarantar su Harry, ba. Ko a Rum bakin bai zo ɗaya ba: a 2003 Kadinal Ratzinger ya rubuta wa marubuciyar Jamus Gabriele Kuby yana goyon bayan sukar da ta yi, wasiƙar ta fito fili a 2005 bayan ya zama Fafaroma, amma a 2009 jaridar fadar tasa ta yaba wa fim na shida.

Akwai abin dariya a tsakiya. A Yulin 2000 jaridar barkwanci The Onion ta ƙaga labarin cewa miliyoyin yara suna shiga bautar Shaiɗan saboda Harry Potter, don ta yi wa masu tsoron ba'a. Sai ga labarin yana yawo a saƙonnin imel na masu ibada a matsayin hujja.

Ban ga dalilin raina uwar da ta samu littafin a jakar ɗanta ba. Tsafi gaskiyar mai shi, in ji Hausawa, kuma a inda muke kalmar maye ba ta wasa ba ce. Ana jefa ta a kan tsohuwa a kore ta daga unguwa. A Akwa Ibom sai da aka kafa doka a 2008 don hana laƙaba wa yara maita, bayan an ga abin da ake yi musu. Yaron Oxford da ya sa baƙar hula mai tsini ya san wasa yake. Namu yaron yana iya kasancewa ya taɓa ganin an taru a ƙofar wani gida ana cewa a fito a tsallaka. Wanda ya fassara wizard da maye a gaban irin wannan yaro ya yi kuskuren fassara, kuma ya yi ganganci.

Amma mu ma ba baƙin irin wannan hira ba ne. Mun tashi da Gizo da Dodo, da Ruwan Bagaja da Gandoki tun 1934, da Iliya Ɗan Mai Ƙarfi, aljanu da zoben buƙata da tafiyar shekara a ƙiftawar ido, kuma a aji aka karanta mana su. Ba a kira su littattafan tsafi ba, domin muna da wata kalmar da ta rufe su duka: almara. Mai tatsuniya ma da ta gama takan ɗora wa Gizo alhakin ƙaryar da ta shara, kowa ya tashi ya kwanta.

Da mako ya cika na mayar wa abokiyar aikina littafinta. Na ce kada ta ce maye, kada ta ce matsafi, domin babu kurwar da ya kama, babu kuma abin da yake yi wa yanka. In dole sai ta ba shi suna, ta ce yaro ne mai baiwar dabo a cikin almara. Na ƙara da cewa ta gaya wa uwar ta karanta littafin da kanta kafin ta yanke hukunci, kuma in ta ga ɗanta bai kai ya raba almara da gaskiya ba, hakkinta ne ta ajiye masa shi sai ya ƙara girma. Ta tambaye ni ko akwai wani abu na addini a ciki da za ta iya nunawa. Na ce ta nemi littafi na bakwai, wanda ya fito a 2007, ta buɗe inda Harry ya je maƙabartar coci a daren jajibirin Kirsimeti. A kan kabarin iyayensa an rubuta kalmomin 1 Korintiyawa 15:26.